Iskar Rijiyar Garbai

A kwarin dabino da ke gabas da Gure, Aisami da wansa Garbai sun wuni suna yashe rijiyar lambu. Ruwa ya dame su, sai suka zura injin ban ruwa har ciki, kamar yadda kowa ke yi a kwarin ba mai cewa uffan. Inji na ruri, Garbai na ƙasa yana kwasar laka yana waƙa, sai waƙar ta yanke.

Aisami ya leƙa. Ga wansa a jingine da bango, kai ya langaɓe.

"Mutanen rijiya ne suka taɓa shi!" in ji Baba Ɗan Talata, tsohon mahaƙi. "A kawo turare!"

Aisami ya jawo inji ya kashe, zai dira, sai aka cafke masa riga. Gwaggonsu Rumasa'u ce, mai fangalin albasa a gefe.

"Sake ni, Gwaggo!"

"In yi makoki biyu? Dubi nan!"

Ta fizgo icen wuta daga murhun shayi, ta ɗaura a guga ta zura. Wutar na ci bal-bal. Tana kaiwa rabi ta lanƙwashe ta mutu, alhali ko ganye ba ya motsi.

Tun tasowarsa Aisami ya san ruwa na ɓaci, hura na ɓaci. Ashe iska ma?

"Majon likita, mai duba marasa lafiya, ya faɗa mana ranar awon jikata," in ji ta. "Hayaƙin inji na cinye iskar rami. Ɗaura igiya, cika ƙirjinka nan sama. Kada ka shaƙa a ƙasa!"

Ya cika ƙirji, ya sauka. Kunnuwansa na ƙara ya zarga wa Garbai igiya, mazan da suka taru suka jawo su.

Baba ya matso da kaskon turare.

"Baba, hayaƙi ya kayar da shi, hayaƙi za ka ƙara masa? Ku ja baya, ku ba shi iska!" in ji Rumasa'u.

Suka buɗe. Ta kwantar da Garbai ta gefe ƙarƙashin dabino. Ƙirjin ya ɗaga kaɗan, ya sake ɗagawa. Garbai ya yi tari.

"Allahu akbar," in ji Baba a hankali, ya kife kaskon a rairayi.

Ana ɗora Garbai a amalanke zuwa likita, Aisami na riƙe da kansa. Aisami ya ja numfashi, ya ji shigarsa har ciki, kamar yau ya fara.