Agogon Ok-ryeon a Hannun Chun-hwa

Dong-hyeok, ɗan Bu Ok-ryeon, ya zo daga Seoul da agogo a kwali, ya ɗaura mata a hannu, ya kafa sharaɗi. Agogon zai riƙa auna bugun zuciyarta idan tana hutawa, yana aika masa a waya. Muddin bugun ya tsaya inda yake, ta ci gaba da nutso. Ranar da ya fara hawa kuwa, ita da teku sai kallo.

Ta ce to. Tun tana budurwa take nutso a tekun Jeju da numfashi ɗaya tana ɓamɓaro katantanwa daga jikin dutse, yau ta haura saba'in, wai yaron da ko iyo bai iya ba shi zai ce mata fito. Abin ya yi mata ciwo. Kuma ta san zuciyar tata ta fara gardama, don takan ji ta tana tsalle idan ta hau tudun gonar lemu.

Jirginsa na tashi ta kai wa Yang Chun-hwa agogon, abokiyar nutsonta, wadda Ok-ryeon ta girme ta da shekara biyar.

"Yaya, wannan ai cuta ce," in ji Chun-hwa.

"Cutar wa? Ke zuciyar doki gare ki. Ki ɗaura da yamma, da safe ki cire. Ni zan ce masa ruwan gishiri nake jiye wa agogon."

"In ya gane fa?"

"Wa? Wanda bai iya bambanta gishiri da sukari ba?"

Haka aka yi. Bazara ta wuce, sanyi ya zo ya tafi, lambar tana nan daram. Duk Lahadi yaron zai kira yana murna, wai layin a miƙe yake kamar zare, wai zuciyar Umma ta 'yar arba'in ce. Ita kuma ta karɓi yabon ko kunya babu.

Sai lokacin yankan ciyawar teku ya zo, ya kira ranar da ba Lahadi ba.

"Umma, wata guda ke nan yana hawa. Da hamsin da biyar ne, yanzu ya haura tamanin, kuma kina kwance."

"Agogon ne ya lalace."

"Agogon da tun da na saya bai taɓa kaucewa ba? Da lalacewa ce da tsalle zai riƙa yi. Wannan kullum kaɗan kaɗan yake ƙaruwa. Jibi ina zuwa, asibiti za mu."

Ta ajiye wayar. Zuciyar Chun-hwa ce ke hawa. Sai yanzu ta tuna yadda kwanan nan Chun-hwa takan daɗe rungume da goranta da ke shawagi a saman ruwa idan ta taso daga ƙasa, da yadda ƙafafunta suka kumbura har rigar roba take shiga da ƙyar.

Da safe ta same ta a bakin ruwa, ta gama shiri, sauran matan sun fara shiga.

"Dong-hyeok ya kira ni."

"Na sani, Yaya. Lambar a hannuna take, ba makauniya ba ce ni."

"Shi ne kika yi shiru?"

"In ce me? In kika faɗa masa gaskiya, taki ma za su auna, kuma kin san abin da za su gani. Mu biyu duka mun gama. Ki ce ya lalace, ya sayo wani. Tashi mu je, ruwa na janyewa."

Gaskiya ta faɗa, kuma Ok-ryeon tana son ruwan nan fiye da yadda take son yawancin mutane. Ta dube shi, ya kwanta luf, irin ranar da ake cika raga kafin azahar.

Amma a garinsu mace ba ta nutso ita kaɗai. Idan abokiyarki ba ta shiga ba, ke ma ba za a bar ki ba. Ok-ryeon ta zauna a kan dutse ta fara zare rigar robarta.

"Yaya, me kike yi?"

"Ba na shiga."

"Wallahi ba zan yafe miki ba. Ke kika kawo mini tsinannen abin nan!"

"Ni ce. Motar asibiti ƙarfe tara take wucewa, je ki sa kayan arziki."

Chun-hwa ta yi zagi, ta yi jifa da goranta, sannan ta zauna ta juya mata baya tana haki. Ok-ryeon ta ciro waya daga buhun kayanta ta kira ɗanta.

"Dong-hyeok, ka nema mana likita. Ka ce masa mu biyu ne."