Faifan da Baba Ya Jefa a Kwandon Shara

Likita ne ya yanke hukuncin: gwiwar Baba ta gama da hawan bene mai hawa huɗu. Shi ya sa ranar Asabar da hantsi muka duƙufa haɗa kaya, za mu mayar da shi da Mama wani gida na ƙasa mai ɗan fili a gaba. Ni ce ke naɗe kwanuka da tsofaffin jaridu, Mama na ninke labule, Kawu kuma, ƙanin Mama mai gyaran rediyo, yana kwance wayoyin falo. Baba yana zaune bisa kujera ɗaya tilo da ta rage, yana ba da umarnin da ba mai bi.

A saman kabad na ci karo da wani kwali mai nauyin tsiya. Da na buɗe, sai ga yankakkun shafukan jarida sun yi ja don tsufa, kowanne da sa hannu ɗaya a ƙasa: Reza, sunan alƙalamin Baba.

Na san Baba ya yi aikin jarida a shekarun tamanin, amma ban taɓa karanta ko layi ɗaya nasa ba. Ashe duk mako kamfanoni na aiko masa da ƙananan fayafayai, waƙa ɗaya gaba ɗaya baya, shi kuma ya saurara ya faɗa wa gari ra'ayinsa.

"Karanto mana, 'yar Baba," in ji shi, yana gyara zama. "Ku ji lokacin da ake rubutu."

Na zaro ɗaya na karanta. "Wannan mawaƙiya tana da murya, sai dai ta bar ta a gida ranar da aka ɗauki faifan."

Kawu ya tuntsire da dariya har sukudireba ta faɗi daga hannunsa. Na zaro wani. "Minti uku da rabi ne, amma na fito daga cikinsa da furfura."

"Baba, ba ka da tausayi!"

"Ina da kunne dai," in ji shi. "Zamanin ne aka cika mu da gangar lantarki. Kowa ya sayi piyano mai batir, gobe ya zama mawaƙi. Amma duba da kyau, akwai waɗanda na yaba."

Akwai kuwa, guda huɗu a cikin kusan ɗari biyu.

Can ƙasa na samo mafi tsawo. A kan wata waƙa ce mai suna "Laima Ɗaya", ta wani ma'aikacin gidan waya da bai sake yin wani faifai ba. Baba ya rubuta cewa gangar kamar ana buga ƙusa a ɗakin maƙwabci, baitocin kuma ko a bayan ambulan ba su cancanci zama ba. Ya rufe da cewa nan da sati biyu babu mahalukin da zai tuna da ita, shi kam ya riga ya jefa nasa faifan a kwandon shara.

"Kuma na jefa ɗin," in ji Baba da alfahari. "A gaban kowa a ofis."

Mama ta miƙe. Ta ajiye labulen, ta shiga ɗaki, muka ji tana jan akwatinta. Ta fito riƙe da wani ƙaramin faifai a cikin rigar matashin kai. Bangonsa ya ɗan yage, kuma akwai tabon shayi a kan hoton wani siririn mutum mai faffaɗar kwala.

Baba ya sa tabarau, ya cire, ya sake sawa.

"Sakatare, ina kika samo wannan?"

Haka yake kiranta tun fil azal, don a gidan jaridar suka haɗu, ita ce mai buga rubutunsa a tafireta.

"Inda ka jefa shi, Malam. Ni na buga sharhin nan da yatsuna, ina bugawa ina jin haushinka. Da aka tashi aiki na tsame shi daga cikin ganyen shayi."

Kawu bai jira an roƙe shi ba. Ya jawo tsohon garmahon da muka ware cikin kayan zubarwa, ya buɗe cikinsa, ya ce bel ne ya tsinke. Ya yanko roba daga wani tsohon tiyub, ya hure allurar, ya haɗa da lasifika guda. Kafin ruwan zafi ya tafasa, faifan na juyawa.

Aka fara da ƙar-ƙar. Sai ganga, kuma gaskiyar Baba, kamar ana buga ƙusa. Sai siririyar murya ta shigo. Ba a kai ga amshi ba na gane ashe na san waƙar nan. Ita ce Mama ke yi da hanci idan tana guga, ita take yi idan tana jiran shayi ya huce, da ita ta yi ta lallashina ranar da aka cire mini haƙori. Ban taɓa jin ta da kalmomi ba, na ɗauka tata ce.

Na dubi Baba. Bakinsa a buɗe.

"Yaya," in ji Kawu yana share hawayen dariya, "ba wannan ce yake cewa ki ƙara masa ba? Da kunnena na ji shi yana faɗa wa baƙi wai irin wannan karin ne mawaƙan zamani suka kasa yi!"

"Shekara talatin da tara," in ji Mama. "Ran nan ma cewa ya yi in da a faifai take, da ya ba ta tauraro biyar."

"Kuma kika yi shiru?" in ji Baba.

"To, wa ya tambaye ni? Ni mai buga tafireta ce."

Baba ya yi gyaran murya irin ta manya. "Ku tsaya. A bakinki babu gangar nan. Gangar ce na soka."

"Ka ce babu wanda zai tuna da ita."

"Na ce mahaluki. Ban san da ke nake ba."

"Au, ni ba mahaluki ba ce?"

Baba ya dube ta. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa, irin wadda ke sa shi tari. Mama na bubbuga masa baya tana dariya ita ma. Ya ce Kawu ya mayar da allurar farko. A karo na biyu Mama ta bi waƙar da kalmominta, ba ta ɓata ko ɗaya ba, shi kuma yana kaɗa ƙafarsa mai lafiyar. Da aka zo amshi ya kama hannunta ya miƙe, suka yi taku uku ko huɗu a tsakanin kwalaye kafin gwiwar ta tuna masa da likita.

"Amshin yana da kyau," ya faɗa yana haki. "Na zalunci ɗan gidan waya. Amma gangar nan, ko a gaban alƙali zan maimaita."

"Na bar maka gangar," in ji Mama.

Ni ce na tambaya me ke bayan faifan. Suka dubi juna. Baba ya ce shi bai taɓa juya shi ba. Mama ta ce ita ma, gaban ya ishe ta.

Kawu ya juya shi. Wani abu ya fito kamar an taka wutsiyar kyanwa a cikin bokiti, sannan ɗan gidan waya ya shiga yin magana a hankali da wata murya mai kauri da ba tasa ba, yana nishi tsakanin kalmomi. Muka daure minti ɗaya. Mama ce ta fara toshe kunne.

"Kai! Malam, wannan kam ka yi masa duk abin da ka ga dama."

"Sakatare, ɗauko takarda!"

A daidai nan mai motar da za ta kwashe kayanmu ya danna hon a ƙasa. Kawu ya leƙa ta taga ya ce masa ya yi haƙuri ya hawo, akwai shayi, kuma ana neman ra'ayin mutum na biyar.