Madanni Na Biyu

Duk unguwar Demsawo ta Jimeta an san Najmuddeen da jita, amma kaɗan ne suka san rabin kiɗan da ƙafa yake yin sa. Ba shi da amfilifaya ta ƙarfe, manhaja ce a kwamfutarsa take kwaikwayon muryar manyan amfilifayoyi. To, in ana ɗaukar sauti hannuwansa biyu suna kan jita, da wanne zai taɓa kwamfuta? Da yake ɗan mai gyaran rediyo ne, sai ya samo katako ya dasa masa madannai uku, ya haɗa wayoyi da dalma, ya liƙa 'yar fitila ja. In ya taka na ɗaya, jita ta yi magana garau. Na biyu, ta yi ruri. Na uku, kwamfuta ta fara ɗauka. Shekara huɗu yana haka, har ƙafarsa ta dama ta daina neman izininsa.

Aibi ɗaya ke ga wannan allon katako: ƙarar madanni na biyu ta ninka ta na ɗaya nesa ba kusa ba. Hadassah, mawaƙiyar da yake yi wa kiɗa, ta sha yi masa faɗa a kai. Kullum amsarsa ɗaya ce, gobe zai daidaita. Najmuddeen ke nan, sarkin gobe.

A shekarar da bama-bamai suka yi ta tashi a Jimeta, Hadassah ta haihu a Vinikilang, can hayin kogi, ba ta iya fita. Waƙa ɗaya ta rage musu su ɗauka, don haka wata Talata da hantsi ya cusa kwamfuta da allo da sifika mai batir a jakar goyo, ya rataya jita, ya nufi inda ake hawa keke napep a ƙetare gada.

'Yan banga ne a bakin tashar, sun gicciya igiya. Shugabansu Ɗantani, ƙaton mutum mai adda a ɗamara. Wata biyu da suka wuce, da hannunsa ya tattara abin da bam ya bari na ƙanensa a tabarma, kuma tun ranar ba a ƙara ganin haƙoransa ba.

“Buɗe jaka,” in ji Ɗantani.

Najmuddeen ya zuge. Allon ne a sama, wayoyi ja da baƙi sun leƙo, ga dalma, ga salatif.

Ba wanda ya yi tambaya. Marin farko ya ɗauke masa ji, gora ta sauka a ƙeyarsa, ya kife. Wata mai sayar da gyaɗa ta kurma ihun bam. Rabin tasha ya watse, rabin ya yo kansa. Duwatsu, takalma, katakon benci, duk abin da hannu ya samu. Wani ya tattake masa baki, ya ji haƙori ya karye ya tafi da yawu. Kowane mai hankali kansa zai kare, shi kuwa bawan Allah ya cusa hannuwansa a hammata ya danne, ya bar musu kai da haƙarƙari. Ransa ake nema, shi yatsunsa yake tunani. Can ya ji warin fetur, ya ga ana gangaro da taya.

“Hamma, don Allah,” ya ce da jini a baki, yana kiran Ɗantani yadda ake kiran babban wa. “Kayan kiɗa ne. Ni ɗan Malam Usaid mai rediyo ne. Ka bar ni in nuna maka, in ƙarya nake ka yanka ni da kanka.”

Ɗantani ya ɗaga adda, jama'a suka ja baya. Ya daɗe yana kallonsa.

“Haɗa mu gani. Amma wannan katako, in ka taɓa shi, wallahi ba ka tashi.”

“Sai na taka sau ɗaya, Hamma, kafin ta fara ɗauka.”

“Sau ɗaya. Ina kanka.”

Ya zauna kan dutse ya jona komai. Ido ɗaya ya kumbure ya rufe. Ya taka madanni na uku, fitila ja ta kama, mutane suka sake darewa, amma ba abin da ya fashe. Layin sauti ya fara tafiya a fuskar kwamfuta.

Ya fara kaɗa waƙar Hadassah, wadda ta yi wa mutanen garinsu da suka gudo a ƙafa. Jitar ta fito siririya daga sifika, garau. Tsoro ya cika shi har wuya, amma yatsun da ya ɓoye suna nan lafiya, suka yi aikinsu. Mai riƙe da galan ɗin fetur ya sauke shi ƙasa. Wata tsohuwa ta ce, “Kayya, yaron nan makaɗi ne fa.” Najmuddeen bai ji ta ba, kunnen da aka mara ya toshe, ɗayan kuma yana cikin kiɗa. Ya rufe idon da ya rage masa. Baiti ya ƙare, amshi ya taho, daidai gurbin da ya taka madanni na biyu sau ɗaruruwa a ɗakinsa.

Ƙafar ta tafi da kanta.

Sifika ta yi wani irin gurnani da ya girgiza kwanon rumfa. Tasha ta hargitse, mata na faɗuwa kan tire, direbobin keke na tsalle ta baya. Ɗantani bai yi tunani ba, shi ma hannunsa ne ya tafi. Adda ta sauka a tsakiyar ƙafar, ta raba silifa, ta raba ƙashi, ta nutse a katako. Ya zare ya ƙara. Jini ya yi tsartuwa har kan kwamfuta. Najmuddeen ya faɗi rungume da jita, ita kuma ta ci gaba da kuka ta sifika har wani ya take wayar ta fita. Da sojoji ba su iso suna harbi sama ba, da tayar nan ta ci wuta.

A asibiti suka yanke ƙafar daga idon sawu. Yatsun hannunsa goma suna nan, ko ƙwarzane babu.

Bayan wata uku aka dawo masa da kwamfutar, da busasshen jini tsakanin haruffa. Hadassah ta zo duba shi da jaririya a goye, ta same shi zaune a kan katifa, sandunan tafiya jingine da bango.

“Adda Hadassah, ashe kwamfutar ta ɗauka,” ya ce. “Duk abin yana ciki.”

“Goge shi. Me za ka ji a ciki?”

Bai goge ba. Ya sa abin ji a kunne ya kunna. Ga jitar, kuma shi kansa ya san bai taɓa kaɗa ta da kyau haka ba. Sai dai jita ba ita kaɗai ta shiga ba, ƙaramin makirufon kwamfutar ya kwashi tashar ma a layi na daban. Ya rage kiɗan ya ƙara wancan. Ya ji an ajiye galan. Ya ji tsohuwar. Sannan, dab da amshi, ya ji muryar Ɗantani a saman kansa, a gajiye, babu ko fushi a cikinta:

“Ya isa. Ku ba shi ruwa ya wanke fuska, ya tafi.”

Najmuddeen ya duba layin. Tsakanin ƙarshen maganar da rurin madanni na biyu, daƙiƙa ɗaya ce da rabi. Ya mayar baya ya sake ji, ya kuma mayarwa. Hadassah na ta tambayarsa mene ne. Hawaye ne kawai ke zuba, kuma duk lokacin da amshin ya zo, dungulmin ƙafarsa sai ya motsa a ƙarƙashin zane.