Wanda Ya Tayar da Injin

Tamba ya sa amininsa ya dafa Alƙur'ani a kan ɓarnar da shi da kansa ya yi. Abin da ya faru ke nan, babu kwana-kwana.

Yanzu ga shi zaune a kan bencin asibiti a Birnin Kebbi, hannunsa na dama naɗe da tsumma, har ya fara wari. Matarsa Laure na gefe, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Tun bayan asuba suka shigo mota daga Argungu.

Gonar Tamba da ta amininsa Sunusi kunya ɗaya ce ta raba su a fadama. Tare aka yi musu kaciya, tare suka koyi iyo a gulbi, tare suka haɗa hannu suka sayi wani tsohon injin ban ruwa. Injin nan yana da hali irin na jaki. Sai ka toshe masa bakin iska da tafin hannu, ka ja igiya a karkace, sannan ya yarda ya tashi. Duk fadamar su biyu kaɗai suka san kansa.

Bana albasar Tamba ta yi kyau, ta Sunusi kuwa tsutsa ta cinye. Ko yaro ya san albasa in ta ƙosa ganyenta ya kwanta, janye mata ruwa ake yi, in ta sha ruɓewa za ta yi. Tamba ya janye. Wata safiya ya tarar da fangalinsa cike da ruwa, inji da ɗumi, mai ya ƙare. Ba wanda ya ji komai, don masu shinkafa kwana suke yi injinansu na kuka. Aka sake. Aka kuma sakewa. Albasa ta narke a cikin ƙasa, warinta har hanya.

Tamba bai yi dogon tunani ba, dama ba halinsa ba ne. Ya ce hassada ce. Bayan la'asar, a ƙofar masallaci, gaban liman da mutanen unguwa, ya ce Sunusi ya rantse. Sunusi ya dube shi ya ce, “Ni, Tamba?” Bai ƙara ba. Ya yi alwala ya dafa.

Ba a jima ba Sunusi ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa, ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace. Gari ya ɗauka: rantsuwa ta kama shi. Tamba bai je dubiya ba. A teburin mai shayi ma cewa ya yi Allah ba ya barci. Iyalin Sunusi suka kwashe shi zuwa gidan ɗansa a Gwadangaji, wai don kusa da asibiti. Kowa ya san bakin mutane suka guda.

Sai makon jiya zafi ya farkar da Tamba. Ya buɗe ido ya gan shi tsaye cikin laka, ba riga, inji na kuka, tafinsa manne da salansa, bututun hayaƙin injin. Yana ba ƙasar da babu komai a cikinta ruwa.

A asibitin aka kira sunansa. Bayan an wanke ciwon an ɗaure, likitar, wata mace mai tabarau, ta tambaye shi yadda aka yi babba kamarsa ya dafa salansa har ya daɗe haka. Ya faɗa mata a gajarce, yana kallon bango.

“Ka taɓa tashi cikin barci kafin wannan, Malam?”

“Ban taɓa ba.”

“Shina yi,” in ji Laure.

Tamba ya juyo.

“Tun ina amarya,” ta ce, muryarta can ƙasa. “In ya gaji ƙwarai, ko rai nai ya ɓaci. Sai shi tashi shi kwance akuya shi sake ɗaure ta. Ko shi ɗauki fartanya shi yi ta noman tsakar gida. In kama hannunai in maishe shi shimfiɗa. Inna tai ta ce kak in tashe shi, kurwa tai ba ta komowa. Kuma kak in hwaɗi, a ce gidanmu da iska, a ƙi auren ɗiyanmu.”

Likita ta cire tabarau ta ajiye.

“Ba iska ba ce, Malam. Kuma tayar da kai ba ya kisa. Ka san yadda ake kawo wuta a wata unguwa a ɗauke a wata? To haka ƙwaƙwalwa take. Barci ba lallai ya rufe ta gaba ɗaya ba. Akwai na'urar da ake liƙa wa mutum wayoyi a ka a ga abin da ke gudana. Masu irin larurarka, an ga wurin da ke motsa ƙafa da hannu a farke, wurin da ke yin tunani da wanda ke riƙe abin da ya faru suna can cikin barci mai nauyi. Ido a buɗe, amma mai gidan ba ya nan.”

“To wa ka jan igiya?”

“Sabo. Abin da hannu ya saba yi ba ya jiran izini. Yaushe kake ban ruwa?”

“Da dare. Rani duka.”

“Ka gani. Ka hana kanka barci wata da watanni, ga fargabar amfanin gona. Jiki ya ci gaba da aikinsa. Ba laifinka ba ne.”

Tamba ya yi wata dariya marar daɗi. “Ba laifina ba. To na wa?”

Likita ba ta san da zancen Sunusi ba. Ta rubuta magani, ta ce a riƙa kulle ƙofa ana ɓoye makulli, a kawar da wuƙa da lauje, ya riƙa kwanciya da wuri.

A waje, ƙarƙashin dalbejiya, inda masu lemo da ruwan leda ke zama, ya tsaya.

“Ke Laure. Randa anka yi rantsuwa, kin sani?”

Ta juya tana kallon masu lemo.

“Magana nika yi.”

“Na ga laka ga tabarma,” ta ce. “Na wanke maka ƙahwa kana barci. Na ce ma raina bayan gida ka zagaya. Ban so in sani ba, Malam. Randa ka tahi masallaci na biyo ka har zaure, bakina ya ƙi buɗewa. Kai wa ya taɓa gaya maka magana ka ji?”

Ya so ya yi mata tsawa. Ya nemi tsawar ya rasa. Gaskiya ta faɗa. Da ta buɗe baki ran nan, da cewa zai yi ta haɗa kai da Sunusi.

Ya tare mai keke-napep. “Gwadangaji.”

Gidan ɗaki biyu ne na haya a bayan wani injin casar shinkafa. Riskuwa, matar Sunusi, tana wanke zannuwan shimfiɗa a bakin rariya. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Ta amsa sallama don sallama ce, ba ta miƙe ba.

“Baban Hamida. Ka zo ka gani da idonka ko rantsuwa ta kama shi da kyau?”

“Na zo in gan shi.”

“Ga shi can. Ba shi gudu.”

Sunusi na kwance a kan katifa a ƙasa, an jingina kansa da filo. Mutumin da ke ɗaukar buhun albasa shi kaɗai, yanzu kamar an shanya riga. Yawu na bin gefen bakinsa. Amma idon nan nasa ne, bai canza ba. Ya bi Tamba da shi tun daga ƙofa.

Tamba ya durƙusa. Bai iya jera magana ba ko da lafiya, balle yau.

“Sunusi. Ni ne. Ni nika tashe injin. Cikin barci nika tahiya, ban sani ba. Ga hannuna, salansa ta ci. Likita ta ce rabin kaina ka barci, rabi na aiki.” Ya matso kusa. “Kai ka daɗe kana ce mani jakin fadama. Ashe gaskiyarka.”

Bakin Sunusi ya motsa. Wani sauti ya fito, ba kalma ba. Ya sake gwadawa, jijiyar wuyansa ta tashi. Babu.

Tamba ya tuna maganar likita, ido a buɗe mai gida ba ya nan. Wannan kuwa mai gidan yana nan, yana ji, yana gani, ƙofa ce aka kulle da shi a ciki.

“Jumma'a in an sallame zan miƙe,” ya ce. “Inda na tsai da kai nan zan tsaya. In hwaɗi kowa shi ji.”

“Ka hwaɗi,” in ji Riskuwa daga bakin ƙofa, hannunta na ɗigar kumfa. “Sai su ce to mi ya kashe mashi jiki in ba rantsuwa ba? Hawan jini anka ce muna. Tun randa ya komo daga masallaci bai ƙara barcin kirki ba. Kai kana barci kana yawo, shi yana kwance ido biyu har asuba. Gonar ma mun sai da ita, magani ya cinye.”

Laure, da ke tsaye a bayanta, ta toshe baki da mayafi.

Hannun Sunusi na hagu, mai sauran rai, ya taso a hankali daga kan katifa yana lalube. Tamba ya miƙa nasa ba tare da ya duba wanne ba. Mai ciwon ne. Sunusi ya kama ya matse, daidai kan ƙunar, da duk ƙarfin da ya rage masa. Zafin ya hau har ƙeya. Jini ya ɓullo ta bandeji. Ko yafiya ce, ko ramuwa, Tamba bai sani ba, kuma babu mai gaya masa. Bai janye ba. Hawaye na gangara daga idon Sunusi zuwa cikin kunnensa.

Ranar Jumma'a Tamba ya miƙe ya faɗa. Waɗansu suka yi salati, waɗansu suka ce tausayi ne ya sa shi ƙirƙirar zance. Masu neman auren 'yarsa Hamida suka ce a ɗan dakata tukuna.

Sunusi bai ga damina ba. Har aka kai shi bai sake furta kalma ɗaya ba.

Injin yana nan a zauren Tamba, ya yi tsatsa. Igiyar kawai ya cire. Kullum in zai kwanta shi yake ɗaura ta a ƙafarsa, ya miƙa wa Laure ɗaya bakin.