Rumbun Baba

Ni ce na share shi, da hannuna, kuma ina yi ina jin kaina gwana.

Sana'ata gyaran kwamfuta, ina da ɗan shago a Talata Mafara. Mutane sun san ni da rowa iri ɗaya, rowar wuri. Kawo mini tsohuwar laftof da kowa ya sallama, in cire mata Windows in sa mata Linux mara nauyi, ta tashi tana gudu kamar ba ita ba. Abin da na yi wa Baba ke nan shekara uku da suka wuce. Laftof ɗin wani ɗan'uwanmu ne ya gaji da ita ya ba shi, faifan ajiyarta giga talatin da biyu kacal, ram, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita, giga biyu. Windows ta cinye kusan duka faifan, in ka kunna ta sai ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama farkawa ba. Na sa mata Linux da bai kai giga shida ba, na bi na tsince duk abin da Baba ba zai taɓa ba, su wasanni da manhajar ofis da harsunan da ba ma ji. Da na gama, ko rabin giga na ram ba ta ci in ta tashi, ga fili fiye da giga ashirin a kwance.

Baba, Malam Mamuda, manomin shinkafa ne a Bakura. Ajami yake karantawa, boko bai dame shi ba. Don haka na ƙara wa hotunan kan allon girma, na cire rubutun da ke ƙasansu. Hoto biyu na nuna masa: folda, da abin sauraren sauti. Na ukun, kwandon shara, lalaci ne ya hana ni cire shi, kuma ban ce masa komai a kansa ba.

Abin da ya sa yake son kwamfuta, mahaifiyarsa ce, Inna Marka. Asalinmu ba 'yan Bakura ba ne. Ƙauyenmu yana wajen Maradun, ruwan dam ya rufe shi tun Baba yana ɗan shekara goma sha ɗaya. Inna kaɗai ta rage da ta san garin ciki da waje, gida gida, gona gona, har da itatuwan da ke da suna. Baba ya sami 'yar rikoda, yakan zaunar da ita bayan la'asar ya yi ta jan ta da hira. Rikodar ba ta da ciki sosai, sai na koya masa ya riƙa kwashewa cikin laftof, sannan ya goge na rikodar. Inna ta rasu daminar bara. Muryarta ba ta ko'ina a duniya sai cikin wannan faifan.

Ranar wata Laraba ya kira ni. Sai da muka gama gaisuwa, ya tambayi shago da gajiya da maƙwabta, sannan ya ce, "Mufida, abin ga ya ƙi buɗe mani ƙohwa. In na sa lambobin, sai shi yi duhu shi maido ni inda nike."

Na san ciwon tun kafin in hau mota. Linux in faifansa ya cika taf, haka yake yi, ba ya samun ko ɗan wurin da zai rubuta cewa ka shigo. Na isa Bakura wajen sha ɗaya, na zauna a zaure, na bi ta baƙin allon nan da ake rubuta umarni. Faifai ya cika ɗari bisa ɗari. Na duba me ya cinye shi, sai ga kwandon shara da giga goma sha tara a cikinsa. Har dariya na yi. Na ce a raina, tsofaffi ke nan, suna zubarwa ba sa kwashewa. Ban buɗe na ga me ke ciki ba, wa ke duba shara? Layi ɗaya na rubuta, ya tafi. Na shiga lafiya lau, kuma da yake ina da rawar kai, na haɗa da wayata na saukar wa laftof ɗin da sabuntawa na kusan giga ɗaya.

Baba ya dawo daga gona, ya wanke ƙafa, ya zauna kusa da ni. Na juya masa allon ina jiran sa albarka. Ya kalla, ya matso, ya sake kalla.

"Wa yat taɓa mani rumbu?"

"Wane rumbu, Baba?"

Ya sa yatsa a kan kwandon shara. "Wanga da kinka sa mani nan. Cike na bar shi, har ana ganin kaya ta baki. Yanzu ga shi wayam."

Na dubi hoton, a karon farko na gan shi da idonsa. Abu mai kewaye, mai faɗi ta sama, da murfi a kai kamar jinka. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana zuba hatsi a irin wannan, me zai ce da shi? In ya kwashe hira daga rikoda, sai ya saurara, ya tabbatar ta yi kyau, ya ja ta ya zuba a rumbu. Ranar da yake kewar uwarsa ya ɗebo ɗaya ya ji, ya mayar. Foldar da na nuna masa kuwa, a wurinsa tabarmar shanya ce, ba a barin kaya su kwana a kai.

Ban iya yi masa ƙarya ba. Na ce, "Baba, shara ce. Na share."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Can ya ce, "Ba ki sani ba na. Ni ma ban tambaya ba." Wannan maganar ta fi mari zafi, nan take na fara hawaye.

Na kashe laftof ɗin a take. Abin da aka share ba ya barin faifai nan da nan, yana nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansa. Matsalar ita ce ni na riga na rubuta giga ɗaya na sabuntawar da ba wanda ya roƙe ni. Na tashe ta da filash ɗina don kada a ƙara taɓa faifan, na jona babban faifaina na aiki, na sa manhajar tono ta bi shi ɗaki ɗaki. Daga azahar har bayan la'asar tana yi. An kawo tuwo ya huce a gabana. Baba ya je masallaci ya dawo sau biyu, duk dawowa sai ya tsaya a bakin zaure ya ce sannu da aiki, bai taɓa tambayar ko an samu ba.

Hira sittin da huɗu ya ce ya zuba. Sittin da ɗaya suka dawo, amma ba suna, sai lambobi.

Washegari da safe muka zauna muna buɗe su ɗaya ɗaya. Da muryar Inna ta fito, da wannan tarin nata da take yi kafin ta fara magana, Baba ya rufe ido. Ba ya kai minti ɗaya yake ganewa. "Wagga ta fadamar Adama ta." Na rubuta. "Wagga ranar da tab ba da labarin rijiyar Maikuɗi." Na rubuta. Wasu sun yanke a tsakiya, wata guda kuma ta haɗe da ƙarar da ba ta da ma'ana, nan ne sabuntawata ta taka. Muka kai ƙarshe kusan azahar, ya ƙirga da yatsu abin da bai ji ba. Biyu ya ce da sauƙi, ta maimaita su a wasu hirarrakin. Ta ukun ce ba ta da madadi. Ita ce ranar da Inna ta shiga garin da baki tun daga ƙofar gabas, tana kiran gidaje ɗaya bayan ɗaya har bakin gulbi.

Na ce ko Gwaggo Asabe, ƙanwarsa, za ta tuna. Ya girgiza kai. "Tana goye sa'ad da munka taso."

Na ba shi haƙuri har na rasa kalmar da zan ƙara. Ya bar ni na gama, sannan ya miƙo mini rikoda.

"Kunna, ki ɗauka. Hirar nan na ji ta ya fi sau talatin."

Ya gyara zama, ya fara. Gidan Liman, da tsamiya a ƙofa. Gidan Bello maƙeri. Gidan su Taiba mai fura, inda akuya ta taɓa faɗawa rijiya. Yana tafiya a hankali, yana jan ƙarshen suna yadda Inna take ja, har da "to, sai ka karya dama" ɗin nan nata. Ban taɓa lura muryarsu ɗaya ba sai ranar. Ya wuce gida goma sha bakwai ba gargada. Bayan gidan Ishaq mai jaki sai ya tsaya.

Ina kallon lambobin rikodar suna tafiya. Leɓunansa suna motsi, ya ɗaga yatsa kamar zai nuna ƙofar, ya sauke. Ya koma baya ya sake kiran gidan Ishaq, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Ya fi minti biyu a haka. Sannan ya ja numfashi, ya wuce gida na gaba, ya bi har bakin gulbi, ya ce in kashe.

Da yamma na zauna gyara. Na cire kwandon shara daga allon, na yi sabuwar folda na sa mata hoton rumbu na gaske da na ɗauka a bayan gidanmu. Na matse hirarrakin duka suka koma ƙasa da giga biyu ba tare da muryar ta lalace ba, na kwafe su a filash biyu da faifaina. Da na zo kan hirar da Baba ya yi, sai ga shirun nan a allo, dogon layi shimfiɗe a tsakiyar magana. Hannuna ya tafi da kansa, na zaɓe shi zan yanke, irin gyaran da nake yi wa kowa.

Baba yana bayana. Ya tambaye ni mene ne wannan da na yi wa shuɗi.

Na ce, "Inda ka yi shiru ne, Baba. Ba komai a ciki."

Ya dafa kafaɗata.

"Bar shi yadda shike. Akwai gida nan. Da mutane ciki."