Shokazoba Mai Taushi

Bakanike ya ɗora tafukansa biyu a bayan motar, ya danna da dukkan nauyinsa, sannan ya saki. Motar ta yi ƙasa, ta yi sama, ta ci gaba da lilo kamar kwale-kwale a tsakiyar kogi.

"Kin gani, Malama? Lafiyayyar mota sau ɗaya take dawowa ta tsaya. Wannan kuwa rawa take yi babu makaɗi."

Ya durƙusa ya nuna mata wani dogon ƙarfe da ke tsaye a bayan taya, ya jiƙe da baƙin mai. Ya ce shi ne shokazoba, shi ke shanye girgizar hanya kafin ta kai ga jikin mutum. Duka huɗun sun mutu.

Malama ta gyaɗa kai. Daga makarantar da take koyarwa ta wuto garejin, allin aji bai ma bar yatsunta ba. Motar ta mijinta ce, a-kori-kura ce da ya sa aka ɗaga ta sama, aka sa mata manyan tayoyi, don ya riƙa shiga daji da abokansa a ƙarshen mako suna hawa duwatsu suna ƙetare rafuka. Abokan suka sa mata suna Giwa, shi kuma suke kiransa Mai Giwa. Tun da ya faɗo daga bene a wurin aikin gini aka yi masa tiyata a ƙashin baya, tuƙin ya dawo hannunta. Ita ke kai shi asibiti gashin ƙashi, ta hanyar unguwarsu wadda ba ta taɓa ganin kwalta ba. Yau ma da la'asar za su je.

Bakanike ya shiga shagon kayan gyara da ke jikin garejin, ya fito da kwali uku, ya jera a kan tebur.

"Wannan gajeren manta da shi, na motar da ba a ɗaga ba ne. In na sa wa Giwa, ramin farko zai tsinke. Tsakanin waɗannan biyun za ki zaɓa."

Ya zaro ɗaya mai ruwan ɗorawa, mai kauri, ya kafa shi a ƙasa, ya hau kansa da ƙirji. Da ƙyar ya motsa.

"Wannan irin na Oga ne. Mai tauri. In mota ta yi tsalle a kan dutse, shi ke riƙe ta. Amma wanda ke ciki sai haƙoransa sun gaisa da juna."

Ya zaro na biyu, baƙi, tsawonsu ɗaya. Ya danna da hannu, ƙarfen ya shige a hankali, ya dawo a hankali.

"Wannan kuma mai taushi. Ba ya son tsalle-tsalle, amma a hanyar gargada kamar a kan katifa kike."

Wayarta ta yi ƙara a cikin jaka. Mijin ne. Muryarsa ta sauya tun da ya kwanta, ta yi siriri, amma umarni bai bar cikinta ba.

"Kin isa?"

"Ina wurin, Baban yara."

"Masu ruwan ɗorawa za a sa. Kada ki bari ya lallaɓe ki ya sa miki tarkace. Da damina ta wuce zan koma daji."

"Bayanka fa?"

"Bayana nawa ne. Mota kuma ba ki san kanta ba. Ba shi wayar."

Bakanike ya goge hannu a jikin wando ya karɓa. Ya yi ta cewa "To, Oga" da "An gama, Oga," har da dariyar da ake yi wa mara lafiya don a ƙarfafa masa gwiwa. Da ya miƙo mata wayar sai ya girgiza kai.

"Oga ke nan. Hali zanen dutse. Haka muka yi da shi ranar da muka ɗaga motar."

"Yaya kuka yi?"

"Na nuna masa baƙin nan. Na ce, Oga, ga iyali da juna biyu, ka sa wannan, kuɗinsu ma ɗaya. Ya yi dariya ya ce shi bai sayi mota don ta zama gadon jego ba." Bakanike ya yi 'yar dariya, yana jiran ta taya shi. Da ya ga fuskarta sai ya sunkuya yana neman sifanar da ke hannunsa.

Malama ta sa yatsa ta taɓa baƙin ƙarfen. Sanyi gare shi.

"Wato tun lokacin akwai shi."

"Akwai, Malama."

"Na motar da aka ɗaga."

"Shi ne dai wannan."

Ta nemi bencin da ke ƙarƙashin rumfa ta zauna. Abin da ta tuna ba wani dogon labari ba ne. Ranar da aka sallame ta daga asibiti bayan an yi mata tiyata an ciro 'yarsu ta fari, a wannan motar mijin ya ɗauko ta. Sai da ya tura ta daga baya kafin ta iya hawa. Jaririya na kan cinyarta, kowane rami sai ta ji kamar ana zare zaren ɗinkin da hannu. Ta cusa bakin mayafinta a baki ta ciza. Da abin ya fi ƙarfinta ta ce masa, don Allah ko akwai abin da za a canza wa motar nan ta rage duka. Bai ko juyo ba. Ya ce, "Haƙuri za ki yi. Motar da aka ɗaga haka take. Babu irin ƙarfen da zai gyara."

Ɗinkin ya buɗe. A wannan motar dai aka mayar da ita asibiti.

Ta yarda da maganarsa, don ita ba ta san mota ba. Ta yi wani cikin ta haihu, duk a cikin Giwa. Har 'yar kujerar katako ta saya tana ajiyewa a ƙarƙashin kujerar gaba, don ta riƙa takawa tana hawa. Abokansa suna tsokanarta da cewa matar Mai Giwa sai da tsani. Ita ma tana taya su dariya. Abokan nan kuwa, tun satin farko na jinyarsa ba wanda ya sake leƙowa.

Yanzu ga kwali biyu a kan tebur. Idan ta ce a sa mai ruwan ɗorawa, ba mahaluƙin da zai ce ta yi laifi. Umarnin mijinta ta bi, a gaban shaida. Zai zauna a kujerar da ta zauna, ya bi ramukan da ta bi. Ta san su ɗaya bayan ɗaya: na gaban injin niƙa, na kwanar makaranta, da babban da ke bakin gada. Ba sai ta ƙara gudu ba. Hanyar ce za ta yi aikinta. In ya yi nishi, amsar tana nan a ajiye tsawon shekaru, ba ta ko yi tsatsa ba.

Sai dai ta riga ta ji nishin. Satin da ya wuce, a bakin gada, ya juyar da fuskarsa wajen taga don kada ta gani, wani ɗan sauti ya kuɓuce masa kamar na jariri. Ta yi zaton wani abu zai yi sanyi a ranta. Babu abin da ya yi sanyi. Wannan ya fi komai ba ta haushi: ko ramuwar ma ba ta iya ba.

"Malama, rana na yi. In fara?" Bakanike ya riga ya ɗauki kwalin mai ruwan ɗorawa.

"Ajiye wannan. Sa baƙaƙen."

Ya tsaya da kwalin a hannu. "Oga zai zo ya cinye ni ɗanye."

"Ranar da ya tako da ƙafarsa ya zo yi maka faɗa, ni zan kawo shi, in tsaya ina kallo."

Ya ajiye kwalin. Ya jawo jek ya cusa ƙarƙashin motar. Ta zauna tana kallon yadda yake kwance notuna, yana jera su a kan tsumma. Tsofaffin ƙarafan ya jefa su gefe, fentinsu ya koɗe, suna ɗigar mai a ƙasa. Da ya gama ya sake danna bayan motar. Ta yi ƙasa, ta dawo, ta tsaya cak.

A gida, maƙwabcinsu mai walda ne ya zo ya taya ta kamar kullum. Shi ya rungumo mijin daga keken guragu, ita ta tallafi ƙafafun, suka ɗaga shi har kujerar gaba.

"Mai Giwa, ka rage ci, ko ka rage wa motar tsawo," in ji mai walda yana haki.

Mijin bai yi dariya ba. Gumi ya tsatso masa a goshi. Ta sa masa matashi a baya, ta ɗaura masa bel, ta naɗe keken ta sa a bayan mota. Sannan ta zaro 'yar kujerarta, ta taka, ta hau.

Tun kafin su kai injin niƙa ya riƙe hannun ƙofa, ya runtse ido, ya dunƙule jikinsa yana jira. Tayar gaba ta faɗa ramin ta fito. Ta baya ta bi. Motar ta ɗan sunkuya kawai, kamar mai gaisuwa.

Ya buɗe ido. Suka shiga ramin kwanar makaranta. A nan ma haka. Ta ga yatsunsa sun saki ƙofar ɗaya bayan ɗaya, ta ji ya sauke wani dogon numfashi. Mutum ne da ya san motarsa fiye da yadda ya san 'ya'yansa.

"Wannan ba irin da na ce ba ne," ya ce.

"Ba shi ba ne."

"Wane iri ya sa miki?"

Ta sauya giya, idonta a kan hanya.

"Irin da ka ce babu."

Ya juyo ya dube ta. Ta ga bai gane ba. Yana ta lalube a ransa, da gaske yake nema, bai samu komai ba. Ranar da ta ɗauke a cikinta tsawon shekarun nan, shi ko wucewarta bai lura ba.

"Yaushe na ce haka?"

Gada ta bayyana a gabansu, da babban ramin a bakinta, cike da ruwa. Malama ta ɗage ƙafa daga totur, ta taka birki a hankali, ta shiga ramin da taya ɗaya, sannan ɗayar.

"Gyara matashinka," ta ce. "Ya zame."