Furen Ƙyallen da Ya Ƙi Rufe Baki

A layin ganin likitan gashin ƙashi na fara ganin abin. Wata baiwar Allah ce zaune kusa da ni, ta tokare bayanta da ɗan matashi, shi kuwa matashin an lulluɓe shi da wasu 'yan furanni na ƙyalle, kowanne bai wuce murfin kwalbar man shafawa ba, an tattare shi ya tsuke tsam a tsakiya. Ni kuma Allah ya yi ni da son ganin ƙwaƙwaf. In na ga ɗinkin da ban san kansa ba, ba na samun sukuni sai na gano ta inda allura ta shiga da inda ta fita.

Na ce, "Baiwar Allah, don Allah ɗan ɗaga in gani."

Ta yi mini wani irin kallo, ta dai ɗaga. Na juya shi gaba da baya. Ba aikin keke ba ne, hannu ne, an yi furannin ɗaya-ɗaya sannan aka harhaɗa su gefe da gefe. Na tambaye ta yadda ake yi, ta ce ita ma kyauta aka ba ta, ko maɓalli ba ta iya dasawa ba. Na so in ɗan warware guda in leƙa cikinsa, sai na tuna ba nawa ba ne.

Inna, mahaifiyata, tana gefena a keken marasa lafiya. Na ce, "Inna, kin taɓa ganin irin wannan?" Ta kau da kai.

Da can ba haka take ba. Duk unguwarmu in tufa mai tsada ta yage, wurinta ake kawowa, ta ɗinke da hannu ka nemi wurin ka rasa. Ita ta koya mini, kuma na sha wuya, don ɗinkin da ya fi ƙwayar riɗi girma warware shi take yi a gabana ba ta ce uffan ba. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta. Ƙafa ta ɗan dawo, magana ta dawo, hannun dama kuwa ya dawo da rawa. Sau ɗaya ta gwada riƙe allura. Ta dubi abin da ta ɗinka, ta ce in fitar mata da gwangwanin allurai daga ɗakin. Tun daga ranar hannun yake kwance a cinyarta, ta rufe shi da bakin mayafi kamar abin sata.

A ranar nan, likitan bai yi mana kara ba. Ya ce, "Mama, hannun nan in ba ki sa shi aiki ba ƙandarewa zai yi. In kuwa ya ƙandare, ba ni da wata dabara." Ya ba ta ƙwallon roba ta riƙa matsawa. Kafin yamma ƙwallon ya koma hannun jikoki. Ni kuwa na riga na lura 'yan yatsun sun fara lanƙwashewa ciki, kuma tsoro nake ji ƙwarai. Na yi lallashi, na yi faɗa, har kuka na yi, duk a banza.

Furen nan dai bai bar raina ba. Washegari na zazzage buhun guntayen ƙyalle, na kifa ƙaramin faranti na zana, na yanko da'ira. Ai abin a fili yake, in ji ni: a lanƙwasa gefen, a bi shi da allura shiga-fita har a zagayo, a ja zare. Na yi shi tsaf, ɗinki ƙanana reras. Na ja zare, ya tattaru kuwa, amma ya bar rami a tsakiya wanda babban yatsana ke shigewa har ya juya. Na wurin matar nan ko tsinken ashana da ƙyar zai shiga.

Na canza zare. Na canza ƙyalle, na bar mai kauri na koma mai laushi. Na rage da'irar, na ƙara ta. Na ja da ƙarfi har zaren ya tsinke ya yanke ni a yatsa. Kowanne na gama sai ya hangame mini baki.

Na kai wa telan bakin layinmu, wanda muke kira Dawo-Gobe. Ya ɗaga shi sama ya leƙo ni ta ramin, ya ce keke ba ya wannan, amma in bar masa in dawo gobe. Na karɓe abina. Maigidana kuma, da ya ga sun cika tire, cewa ya yi, "To ki dasa wa kowanne maɓalli ya toshe ramin mana." Na ce masa in rufin gida na yoyo shi ma sai ya kifa kwano a kai ya ce ya gyara. Ya ce shi dai shawara ya bayar, ya yi gaba.

A ɗakin Inna nake zama da aikin, don tagarta ta fi haske. Da fari bango take kallo. Daga baya na lura in na ja zare tana satar kallo ta wutsiyar ido. Ran nan da hantsi, na jefa wani cikin tire na yi tsaki, sai na ji ta ce, "Lanƙwasar ce ta yi kauri."

Na ce, "Na rage ta, Inna."

"Zaren fa?"

"Na ninka, na warware, duk ɗaya."

Can ta ce, "To matse ɗinkin. Kina sakin hannu."

Na matse shi iya matsewa, har idona ya yi ruwa. Na ja zare. Ramin ya fi na kullum girma, yatsa biyu na shiga. Na ɗaga mata. Ta karɓa da hannun hagu, ta juya, ta sake juyawa, ta haɗe gira. Na san abin da ke cin ta: tunda take, ba ta taɓa ganin inda matse ɗinki ya ɓata aiki ba. Ashe son ganin ƙwaƙwaf ɗin nan ba daga ƙasa na tsince shi ba.

Ta ce, "Ba ni nan."

Na san kalma ɗaya za ta iya sa ta fasa. Na miƙa mata sabuwar da'ira da allurar da ke hannuna, da zarenta a ciki. Ta janye mayafin. Hannun ya fito yana rawa, allurar na kaɗawa, in ta nufi nan sai ta sauka can. Ta cije leɓe. So take ta yi ƙanana irin nata na da, hannun kuma ya ƙi, kowane ɗinki ya kai faɗin farce, wani ma ya fi. Zufa ta tsattsafo mata a goshi. Ta daɗe kafin ta zagayo. Da ta zagayo ta dubi abin, na ga fuskarta ta rufe.

"Ɗauke wannan abin kunya," in ji ta. "Kada kowa ya gani."

Na karɓa, zuciyata ta karye, don na san ba za ta sake ba. Zaren na reto, hannuna kuma ya saba, sai kawai na ja. Ƙyallen ya tattaru, ninkin suka taho suka haɗa kai, bakin ya tsuke tsam. Na danna shi a tafin hannu ya baje. Na nemi ramin da tsinin allura.

Na ce, "Inna, duba."

Ta duba. Ta sa na ɗauko nawa na ajiye su gefe da gefe a cinyarta. Ta bi ninkin nata da farce, ta bi nawa. Ta daɗe tana haka, har na ji tana magana ƙasa-ƙasa ita kaɗai.

Can ta ce, "Naki ninkin ne suka yi yawa. Sun cunkushe kamar fasinja a ƙofar mota, kowa na son shiga, ba mai matsawa. Nawa kaɗan ne kuma masu zurfi, shi ya sa suka kai tsakiya." Ta sake juya furen. "Ko kuma dace ne."

Na ce, "Zai yiwu dace ne." Na san ba dace ba ne, amma na san uwata.

"Ɗaya ba ya zama shaida. Yanko wani. Ki yanko mai kaurin nan ma, mu ga ko shi ma zai rufe."

Na yanko har da ƙari. Na ƙulle furen nata na yanke zaren, allura ta zama ba zare a cikinta. Ta ɗauki bakin zare ta lasa, ta ɗaga allurar wajen taga kamar yadda ta saba. Zaren ya wuce ta gefe. Ta sake, ya sake wucewa. Na sunkuyar da kai ina ta gyara ƙyallen da ba ya bukatar gyara, ina jira in ji allurar ta faɗi ƙasa ta ce a kwashe komai.

Sai na ga hannun ya miƙo gabana, yana rawa, a buɗe, allura da zare kwance a tafinsa.

"Zura mini," in ji ta. "Ki zura guda uku ki soke a jikin matashi, kada in riƙa tsayawa jiranki."

Hawaye ya cika mini ido har ni ma na kasa ganin kafar allurar. Ta ce in goge fuskata in yi sauri, hasken tagar ba zai jira mu ba.